Tabkin Sarki, Inda Jiragen Ruwa Ba Su Hayaƙi

Can a kusurwar kudu maso gabashin ƙasar Jamus, cikin jihar Bavariya, dab da iyakar Ostiriya, akwai wani tabki da ake kira Königssee, watau Tabkin Sarki. Tsawonsa bai cika kilomita 8 ba, amma zurfinsa ya kai mita 190. Duwatsu sun yi masa ƙawanya, har ma babu hanyar da ta bi gaɓarsa ta zagaye shi. Duk mai son ya ga cikinsa, sai ya je mashigin garin Schönau ya hau jirgi.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne shiru. Jirgi ne mai ɗaukar mutum wajen 90, amma in ya tashi ba rugugin inji, ba hayaƙi, ba maiƙon mai a bisa ruwa. Lantarki ne ke tura shi, kuma ba yau aka fara ba. Tun shekarar 1909 aka sa jirgin lantarki na farko a tabkin. Ana ba da labari cewa Yarima Luitpold, mai riƙon sarautar Bavariya a zamanin, shi ne bai so ƙarar inji ta kore masa namun dajin da yake farauta. Watau dai ba tausayin barewa ya sa shi ba, so yake ta tsaya ya harbe ta. Ko ma mene ne dalilinsa, jikoki sun ci moriya, don kuwa ruwan nan yana cikin mafiya tsabta a Jamus duka, kuma tun 1978 ya shiga cikin gandun dajin Berchtesgaden da hukuma ke karewa.

In an yi nisa kaɗan, sai matuƙi ya tsai da jirgi daura da wani tsayayyen dutse, abokin aikinsa ya ɗauko ƙaho ya busa. Jim kaɗan sai dutsen ya mayar da busar daram, kowa ya yi tsit yana saurare. Da injin fetur ne ke kai da kawowa a wurin, lalle da ba wanda zai ji wannan amsa-kuwwa. Bayan kamar minti 35 da tashi sai a isa majami'ar St. Bartholomä mai jajayen ƙubbobi, ga dutsen Watzmann mai tsawon mita 2,713 a bayanta.

Asirin abin ba wani boyayye ba ne. Batura masu nauyi ne a ƙarƙashin daɓen jirgin, a cika su da wuta da dare, gari ya waye a yini ana aiki da su. Gudun kuwa bai wuce kilomita 12 a awa ba. A nan ne ya kamata masu ɗokin lantarki su yi hattara, domin tabkin gajere ne, ba igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma kowane jirgi gida yake kwana. Batir bai riƙe ƙarfi kamar tankin mai, saboda haka mai son tsere ko doguwar tafiya a teku har yanzu da sauransa.

Amma ga ƙananan kwalekwalen shaƙatawa, magana ta riga ta sake. A tabkin Starnberg, kusa da birnin Munich, hukuma ta taƙaita yawan jiragen da ke amfani da mai, har mai nema yakan shekara da shekaru yana jiran izini. Wannan matsi ne ya haifi kamfanin Torqeedo a 2005, mai ƙera ƙaramin injin lantarki da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu ya maƙala a bayan kwalekwalensa. Saye da tsada, amma ba sayen fetur, ba canjin baƙin mai. A 2024 kamfanin Yamaha na Japan, wanda ya yi suna da injin fetur na kwalekwale, ya saye shi.