Gwiwar Inna da sandar bayan ƙofa

Shekara huɗu Inna tana fama da ciwon gwiwa a Tibiri. Wanzami ya yi mata ƙaho, ta sha saiwoyi. Amma abin da ta fi yarda da shi diclofenac ne na masu tallar magani, biyu da safe biyu da dare, har cikinta ya fara zafi kamar an zuba barkono.

Da na kawo ta Maraɗi aka ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi ne ya cinye, kuma ba ya sake tsirowa. Allurar cikin gwiwa sauƙin 'yan makonni take bayarwa. Aikin sa gwiwar roba kuwa, ko mun sayar da gona da wuya ya isa. Ya ce ta bar ƙwaya ta koma na shafawa, ta rage ƙiba, ta riƙa miƙe ƙafa tana zaune don naman cinya ya yi ƙarfi, ta kuma riƙe sanda a hannun ɓangaren ƙafa mai lafiya.

"Wannan ne maganin?" in ji ta. "Kuɗin mota muka ɓata, ɗan nan."

Ƙanenta, Kawu, mai noman rani a Jiratawa, ciwonsu ɗaya. Shi ya bi wannan shawara, har yau yana zuwa garka. Inna ta karɓi kujerar sallah da hawaye, amma sanda ta ƙi, wai kada kishiya ta ce ta tsufa. Shekaranjiya na je gaishe ta, na tarar da ƙwayar nan ƙarƙashin matashinta.