Ba duba nake karantawa ba

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune wajen mai shayinmu na bakin get, wani ɗan aji biyu ya tambaye ni a kan me nake furojet. Na ce masa baƙin rami na sararin samaniya. Kafin in rufe baki wani ya miƙo min tafin hannunsa ya ce, "Malam, a duba mana, akwai kariyoba a wannan zangon?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma wallahi wata biyu da suka wuce maganar nan ba dariya ta ba ni ba, don saura kaɗan ta raba ni da karatun gaba ɗaya.

Kamar da yawa a cikinmu, likitanci na nema, fiziks aka ba ni. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, da kuɗin gero da masara yake biyan kuɗin makarantata da na motar da ke kawo ni kudu. Da hutu wani kawuna ya ga hotunan taurari a kwamfutata, ya tambaya, ni kuma da rawar kai na ce "ilimin taurari" nake yi. Ashe na ɗebo ruwan dafa kaina. A garinmu idan aka ce wane ya san taurari, ana nufin mai bugun ƙasa, wanda zai gaya maka ranar da za ka yi tafiya da matar da za ka aura. Ina dawowa makaranta Baba ya kira. Bai ko amsa gaisuwata sosai ba ya ce, "Kai, gaya min gaskiya. Bokanci na tura ka koyo?"

Na ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, ka ba ni minti goma."

Abin da na gaya masa shi nake so ku ji, don na lura a cikinmu ma akwai masu wannan ruɗanin. Mai duba yana cewa tauraro ya san da kai, ya san arzikinka da ajalinka. Mu kuwa abin da aka koya mana tun farko shi ne tauraro bai san da zaman kowa ba. Dunƙulen iskar gas ne mai zafi kamar rana, aikinmu mu auna nisansa da nauyinsa da zafinsa. Dangin lissafin da ake fitar da alƙibla da lokutan salla ne. Shi ya sa taurari da yawa har yau sunan Larabci suke amsawa a littattafan Turawa, irin su Aldabaran, saboda malaman Musulmi irin su Albattani sun yi wannan awon shekaru fiye da dubu da suka wuce.

Ya ce, "To shi ramin fa? Wa ya haƙa shi?"

Na ce ba rami ba ne irin na rijiya. Wuri ne da aka cusa nauyi mai yawa a ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya kai ko haske, wanda ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, idan ya shiga ba ya fita. Da za a matse duniyar nan tamu da duwatsunta da tekunanta ta koma girman ɗan magarya, da ta zama baƙin rami. Wasu suna samuwa ne idan ƙaton tauraro ya cinye makamashinsa ya rufta cikin kansa. Manyan kuma suna zaune a tsakiyar galaksi, wato garken taurari irin wanda ranarmu take ciki.

Sai ya yi min tambayar da ta fi ta ranar difens wuya: "Abin da ba a gani, ya aka yi aka san nauyinsa?"

Na ce masa wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya ƙarƙashin Reinhard Genzel na Jamus, ɗaya ƙarƙashin Andrea Ghez ta Amurka, sun shafe shekaru tun wajen 1990 da 'yan kai suna bin taurarin da ke tsakiyar garkenmu. Suka ga suna zagaya wani wuri da ba a ganin komai, ɗaya daga cikinsu yana gama zagaye a shekara 16 kacal. Daga saurinsu aka lissafa cewa abin da suke zagayawa ya kai nauyin rana sau miliyan 4. A kan haka aka ba su kyautar Nobel a 2020.

Baba ya yi shiru. Can ya ce, "Wannan ai ba sabon abu ba ne. Ni ma ba sai an kwance buhu ba. Daga tafiyar ɗan dako nake sanin masara ce ko ƙaiƙayi."

Wallahi shekara huɗu ina zaman lakca, ban ji wanda ya faɗe shi daidai haka ba.

Daga nan hira ta sauya. Na gaya masa ranar 10 ga Afrilu 2019 an fitar da hoton farko, na ramin da ke tsakiyar galaksin M87, nisan shekarar haske miliyan 55, nauyin rana sau biliyan 6.5. Ba ramin kansa aka ɗauka ba, inuwarsa ce a tsakiyar zoben iskar gas mai zafi. Sai da aka haɗa na'urorin hangen rediyo 8 a wurare daban-daban na duniya suka yi aiki kamar faranti ɗaya. A Mayun 2022 aka fitar da na garkenmu.

Ni nawa aikin ƙarami ne. Wasu daga cikin manyan ramukan nan idan suna haɗiyar gas, ba duka ke faɗawa ba, wani yana tsartuwa waje kamar ruwan tiyo, da gudun da ya kusa na haske. Idan tsartuwar ta fuskanto mu, hasken gama da ke fitowa daga can yakan yi ta hawa da sauka. Na'urar Fermi da NASA ta harba a 2008 tana auna wannan hasken, kuma bayananta kyauta ne a intanet. Ni da tsohuwar kwamfutata 'yar Belgium da datar dare nake sauke su, in rubuta ɗan shiri da Python, in ga yaushe hasken ya tashi, yaushe ya kwanta. Babu wanda ya tambaye ni jiharmu kafin ya ba ni.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan fannin kuwa labarin wani ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Samuel Okoye. Yana ɗalibin digiri na uku a Kambirij ta Ingila, shi da malaminsa Antony Hewish suka wallafa a 1965 cewa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai tsananin ƙarfin rediyo a cikin gajimaren da ake kira Kaguwa. Gajimaren nan ragowar tauraron da ya fashe ne, wanda masanan Sin suka rubuta ganinsa a shekarar 1054, kuma yana ɓangaren sama ɗaya da Kaza da 'Ya'yanta da kakanninmu suke nuna mana a tsakar gida. Daga baya aka gano abin da suka hango gawar tauraron ce, dunƙulalliya, tana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa. Okoye ya dawo gida ya koyar a Nsukka. Shi ya sa idan ka duba masu wannan fannin a Najeriya za ka ga da yawa daga can suka fito. Mutum ɗaya ya fara, sauran suka bi sawu. Ba ƙwaƙwalwa aka fi mu ba, fara wa aka riga mu. A ajinmu ni kaɗai ne ɗan Arewa da ya ɗauki wannan layin, kuma ba wanda ya hana sauran, mu muka hana kanmu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kamar yadda ban yi wa Baba ba. Ya tambaye ni, "Ana cin abinci da shi?" Na ce a Najeriya guraben kaɗan ne: koyarwa, ko hukumar NASRDA, ko mutum ya nemi tallafin ƙaro karatu a waje. Afirka ta Kudu tana da MeerKAT mai faranti 64, Namibiya tana da H.E.S.S., Ghana ma ta mayar da tsohon farantin sadarwa na Kuntunse na'urar hangen rediyo a 2017. Ko ban samu ko ɗaya ba, lissafi da sarrafa bayanai da na koya ana nemansu a wurare da yawa. Amma tabbas ɗin da likitanci ke bayarwa, ba ni da shi. Wannan tsoron ina kwana da shi, musamman idan na tuna ƙannena huɗu suna bayana.

Baba bai ce ya gamsu ba. Cewa ya yi, "To, ka gama abin da ka fara. Amma ka daina ce wa mutane taurari, ka ce awon sama. Kuma ka turo hoton nan a wayar yayarka in gani." Na tura. Washegari ta ce min ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kamar bakin murhu da dare.

Don haka ƙannena 'yan aji ɗaya da biyu da aka jefo fiziks ba da son ranku ba, kada ku shafe shekara huɗu kuna zaman makokin likitanci. Ku leƙa ku ga abin da ke cikin gidan da aka ajiye ku. Wanda yake son ganin yadda ake sauke bayanan nan ya same ni ranar Asabar bayan la'asar a barandar masallaci, ya zo da filas ɗinsa. Mata ma ku zo, Andrea Ghez ɗin da na ambata mace ce.

Shi kuma mai miƙo min tafin hannu, na duba maka: idan ba ka buɗe handawut ba, kariyoba na nan tafe. Wannan ba sai an tambayi tauraro ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da alheri.