Tambayar Gwaggo a Boɗinga

Jiya muna komawa Shagari daga asibiti a Sakkwato, daidai Boɗinga Gwaggo ta ce a tsaya, amai ya taso mata. Allurar kansa ta uku ke nan, gashinta duk ya zube. Da ta kuskure baki sai ta ce, "Ɗana, wanga magani shina zuwa wurin ciwon kuwa, ko jikina kawai yake ci?" Wallahi na rasa amsa.

Da dare na hau karatu. Ashe masana ma abin da ke damunsu ke nan. Sun ƙirƙiro ƙwayoyin nano, waɗanda ido ba ya gani, su ɗauki magani su kai shi kan ƙari. Amma nazarin Jami'ar Toronto na 2016 ya nuna a gwajin ɓeraye ko kashi 1 cikin 100 ba ya isa. Hanta da saifa ke tare da yawa.

Shi ya sa ake haɗa su da ɓurɓushin ƙarfe. MRI da maganaɗisu take aiki, inda suka taru sai ya yi duhu a hoto, a ga inda magani ya tsaya. Yawanci har yanzu bincike ne.

Mu nan kuwa, hoton MRI ɗaya sai da muka sayar da tunkiya. Likita dai ya ce ƙarin na raguwa, kada mu fasa allura.

Jama'a, in mace ta ji ƙulli a mama, a kai ta asibiti da wuri. Ku sa Gwaggo a addu'a.