Kasalar Magidanci Bayan Shekara Arba'in

Mu maza a Damargu muna iya raba dare kan farashin tiyar hatsi ko jinkirin albashi, amma da wuya magidanci ya buɗe baki ya ce ƙarfinsa ya ragu. Ni malamin makaranta ne, na haura arba'in. Cikin tsararrakina akwai waɗanda a da suke tashi daga aji su wuce gona, yanzu tsayuwa gaban allo ma wahala take ba su. In zancen ya ɓullo sai a ce basir ne ko sanyi, wani ma ya zargi iyalinsa da asiri. Na san gidan da wannan zargi ya kai ga saki, alhali matar ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Akwai sinadarin da ƴaƴan maraina ke samarwa, sunansa testosteron. Shi ke riƙe da sha'awar namiji da ƙarfin tsoka da ƙwarin ƙashi, yana kuma taimakawa wajen gina jini. Daga wajen shekara 40 yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, wannan kuwa tafiyar girma ce. In ya faɗi ƙasa sosai ne sha'awa ke mutuwa, tumbi ya fito, kasala da saurin fushi su biyo baya. Sau da yawa akwai wani dalili a ƙarƙashi: ciwon suga, ƙiba, ƙarancin barci, ko tramol ɗin da wasu ke haɗiya don su jure aikin gona, wanda shi kansa yana danne wannan sinadari.

Ranar kasuwa a Tanut ko Belbeji ko Bakin Birji, mai tallar maganin ƙarfin maza ba ya rasa ciniki. A ƙasashe da dama an sha gano sinadarin Viagra ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe. Ba maganin ƙarancin testosteron ba ne, kuma yana iya kayar da mai shan wasu magungunan zuciya. Allurar testosteron ba tare da awo ba takan rage ƙwayoyin maniyyi har ta hana haihuwa, ta kuma sa jini kauri.

Awon jini ne kaɗai ke tabbatar da matsalar, da safe ake ɗiba, a sake wata rana. Shawarata ga ɗan'uwa malami, ka fara da asibitin da ke kusa da kai, a auna maka suga da hawan jini. Likita ne zai ce ko sai an tura ka Damagaram. Ka kuma gaya wa uwargida gaskiya tun kafin ta ɗauka juya mata baya ka yi.

Muna koya wa yara sassan jiki a aji ba tare da jin nauyi ba. Ɗan da ya ga mahaifinsa ya nufi asibiti da damuwarsa, da wuya shi ma ya tsaya gaban mai tebur in nasa lokacin ya zo.