Wainar Ƙwai Mai Ciki

A shekarata ta biyu a jami'a aka haɗa ni ɗaki da wani ɗalibi mutumin Japan, wanda ya zo koyon Hausa. Da hutu na kai shi garinmu. Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka, shi kuwa ya wanke hannu ya ci, bai yamutsa fuska ba, har ya nemi ƙari. Tun daga ran nan nake jin kamar akwai bashinsa a kaina, don kuwa ni sau uku yana yi mini tayin abincin ƙasarsu ina kawo uzuri.

Daren da zai koma gida na ci. Sunan abin omuraisu, watau wainar ƙwai da shinkafa a cikinta. Ya ce gidajen abinci biyu ke jayayya kan asalinsa: Rengatei na Tokyo, wajen 1900, da Hokkyokusei na Osaka, a 1925, inda aka ce an fara yi wa wani mai ciwon ciki da kullum ƙwai da farar shinkafa yake ci. Ya rubuta mini yadda ake yi a bayan takardar darasi, na yi masa alkawari Inna za ta ɗanɗana.

Ga abin da takardar ta ce. A soya albasa da naman kaza yankakke ƙanana, a zuba kwanan shinkafa da tumatirin kwalba mai zaƙi, a juya har ta yi ja. Sa'an nan a kaɗa ƙwai biyu, a zuba a kasko, kafin ya gama nuna a tara shinkafar a tsakiya, a naɗo gefe da gefe, a kife a faranti. A takarda kam abu ne mai sauƙi.

Na jira Inna ta tafi barka, don a gidanmu namiji bai shiga madafa sai ɗebo wuta. Na sami ƙwai shida na zabi a ƙwarya a ƙarƙashin gado, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Wainar farko ta ƙone kafin in juyo da cokali, domin abokina a kan risho ya yi, ni kuwa wutar itace ce gabana, ba ta da abin ragewa. Ta biyu ta nuna daidai, amma ina naɗewa sai ta yage, shinkafa ta watse ko'ina cikin kasko. Ƙannena na bakin ƙofa suna dariya har da riƙe ciki.

Ana cikin haka Inna ta yi sallama. Ta dubi ɓawon ƙwai, ta dubi ni. Ashe saye ta yi don ta sa wa kazarta ta kwanta a kai, ta sami zabin da za ta sayar da Salla. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta ce, “Kai wannan, abin da ake koya muku ke nan a makarantar?”

Na ba ta labarin alkawari. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce in karanta mata takardar. Ta taɓa shinkafata ta ce wannan wara-wara ce, ba za ta zauna cikin komai ba. Gaskiyarta kuwa: ta Japan gajera ce mai danƙo, abin da abokina bai ga dalilin rubutawa ba, tun da bai san wata ba sai a nan. Ta ɗebo sauran shinkafar tuwo, ta soya da abin da ya rage na naman, ta janye itace ta bar garwashi, ta fasa ƙwai biyun ƙarshe da hannunta. Naɗi ɗaya ta yi, ta kife. Ya fito sumul, rawaya, kamar rabin gwanda.

Ta ci cokali biyu, ta ce, “Dafa-duka ce aka yi wa mayafi. Gaya wa baƙon nan na ci, zaƙin ne ya yi yawa, a sa yaji.” Ta miƙa wa yara saura. Da na tashi fita sai ta ƙara da cewa ranar Laraba kasuwa ke ci, kuma shida ne, ba biyar ba.