Gurbin da na cike da ƙarya

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Waɗanda muke haɗuwa wurin mai shayi a Sabo sun san wata uku ke nan ina kuka da furojet. Ƙididdigar lafiya nake karantawa a nan Ibadan, kwas ɗin da har yau in na faɗa a gida sai a ce, "To kai likita ne ko malamin lissafi?" Aikina a kan bakwaini ne: su wa ke rayuwa, su wa ke komawa, kuma me ya raba su. Aka ba ni izinin shiga ɗakin ajiye fayil na wani asibiti, ina ɗauko katin haihuwa ɗaya bayan ɗaya ina kwafewa a kwamfuta. Ga ƙura, ga zafi, ga rubutun likitoci da kuka sani.

Matsalata gurbi ɗaya ce, inda ake rubuta makon ciki, wato sati nawa cikin ya yi lokacin da aka haihu. Kati da yawa wurin fayau yake. Wani an rubuta wata bakwai da alamar tambaya. Ba laifin nas ba ne kullum. Mace ba ta je awo ba, ko ta je a makare, ba a yi mata hoton ciki da wuri ba, ta zo da naƙuda tsakar dare, wa zai tsaya lissafin sati?

Na kai kuka wurin wani abokina da ya riga ni gamawa. Ya ce, "Kai Malam, kana wahalar da kanka. Dubi nauyin yaron ka ƙiyasta. Kilo ɗaya da rabi? Sa mako 31. Wa zai koma cikin ƙurar nan ya duba?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi. A dare ɗaya na cike guraben nan kaf, na kwanta da sanyin zuciya. Kuma kada wani ya zare min ido, duk mun san masu zama gindin bishiya su cike takardun tambayoyi ɗari da hannunsu, suna canza biro.

Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa Bayarabiya mai magana a hankali, ta ce in zana mata nauyin jariran a gefe ɗaya, makon ciki a ɗaya gefen. Ɗigo-ɗigon suka jeru tsaf kamar sahun sallar Idi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Jariran nan naka sun cika biyayya." A zahiri ba haka abin yake ba. Akwai yaron da ya cika wata tara amma ya fito ƙarami saboda uwar ta sha zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini. Ni da na ƙiyasta mako daga nauyi, duk irin waɗannan na mai da su bakwaini da ƙarfin tsiya. Ba ta yi min faɗa ba, wanda wallahi ya fi faɗan ciwo. Cewa ta yi in je in karanta labarin tambarin Cochrane in dawo.

Cochrane ƙungiya ce ta duniya da aka kafa a 1993, aikinta tattara binciken magunguna a auna su tare. Tambarinta da'ira ce mai gajerun layuka bakwai a kwance, da layi ɗaya a tsaye, da ɗan lu'ulu'u a ƙasa. Na sha ganinsa, ban taɓa sanin hoton sakamako ne na gaske ba.

Asalin labarin daga tumaki ne. Wani likita a Niyu Zilan, Graham Liggins, ya lura cewa tunkiyar da ɗan cikinta ya samu sinadarin sitiroyid, ko ta haihu da wuri, huhun ɗan yana iya ɗaukar iska. Shi da Ross Howie suka gwada a kan mata masu shirin haihuwa kafin lokaci, suka buga sakamakon a 1972. Allurar tana gaggauta nunar huhun jariri. Wasu suka sake gwadawa, amma gwaje-gwajen ƙanana ne. Kowane layi a tambarin gwaji ɗaya ne, kuma in ya taɓa layin tsaye, ma'anarsa shi kaɗai ba zai iya rantsuwa cewa maganin na aiki ba. Yawancinsu sun taɓa. Don haka likitoci suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Sai da wata likitar mata 'yar Ailan, Patricia Crowley, ta haɗa su wuri guda a ƙarshen shekarun 1980, kowane gwaji aka ba shi nauyi daidai girmansa. Wannan shi ne meta-analisis ɗin da ake ba mu tsoro da shi a aji. Lu'ulu'un nan shi ne amsar haɗakar, kuma ya tsaya can gefe bai taɓa layin ba: allurar tana rage mutuwar jarirai sosai. Amsar ta daɗe a warwatse cikin mujallu, babu wanda ya tara ta, jarirai kuma suna ta mutuwa.

Da a nan labarin ya ƙare da sai mu tafa mu tashi. Amma kusan duk gwaje-gwajen nan a asibitocin ƙasashe masu kuɗi aka yi su, inda an san makon ciki daidai kuma kwalbar jarirai na nan da wuta. Sai aka yi wani babban gwaji a Ajantina, Gwatamala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya, aka koya wa ma'aikatan lafiya har na ƙananan wurare su riƙa ba da allurar in suna zaton mace za ta haihu da wuri. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a 2015 ya girgiza kowa. Bai ceci ƙananan jariran ba, kuma a jimlace mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, kusan uku da rabi a kowace haihuwa dubu. Cikin manyan abubuwan da aka zarga akwai wannan: ba a san makon ciki da kyau ba, aka yi ta yi wa matan da ba bakwaini za su haifa ba.

Gurbina ke nan fa. Wanda na cike da ka.

Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya nata gwajin a asibitoci 29 a Bangaladash, Indiya, Kenya, Pakistan da nan Najeriya. Mata 2,852, kowacce an tabbatar da makon cikinta da hoto, daga mako 26 zuwa ƙasa da 34, a asibitin da zai iya kula da jaririn. Rabi aka yi musu deksametason, rabi allurar da babu magani a ciki. Aka buga a 2020: mutuwar jarirai kashi 19.6 cikin ɗari a ɓangaren masu magani, 23.5 a ɗaya ɓangaren. Kusan duk mata 25 da aka yi wa, an tsira da jariri ɗaya. Allura ɗaya ce, mai arha, amma amfaninta ya rataya a kan sanin wa ake yi wa da kuma ina.

Na san mu 'yan Arewa da an ce gwajin magani, Kano da sanƙarau na 1996 ke faɗo mana a rai, kuma muna da hujja. Sai dai rashin shiga lissafi ma cuta ce. Yanzu ana ta maganar kwashe katunan asibiti a zuba a kwamfuta, a riƙa haƙar bayanai ana gano wa ke cikin haɗari. Kwamfuta ba ta san lambar da nas ta auna da wadda ɗalibi ya ƙirƙira ƙarfe biyun dare ba. Duk hadiyewa za ta yi. In furojet ɗina ya zama takarda a mujalla, wani ya ɗauke shi ya zuba cikin nasa tarin, mako 31 ɗina ya zama hujja.

Na koma na goge su duka. Malamar ta nuna min cewa akwai hanyoyin ƙiyasin gurbi da ilimi ya yarda da su, amma sharaɗin shi ne ka faɗi nawa ne babu, ka faɗi yadda ka yi, ka nuna sakamako da su da kuma ba su. Teburina yanzu yana da layi mai suna "ba a rubuta ba", kuma lambar da ke gabansa ba ta da kyan gani. An ɗaga min ranar kare aikin zuwa zango mai zuwa, ga kuɗin haya ya sake hawa kaina.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne dalilin da na zaɓi bakwaini tun farko. Yayata ta haifi namiji shekara huɗu da suka wuce, ya kwana biyu ya koma. Daren jiya na kira ta, bayan gaisuwa na ce, "Yaya, don Allah lokacin nan cikin sati nawa ne?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wa ya ƙirga sati? Bayan ƙaramar Sallah dai na fara jin motsinsa." Ta ce katin yana nan cikin akwatinta, in na zo hutu za ta ɗauko min in duba.