Gudun Asuba a Hunturun Daura

Asabar

Kawu ya biya kuɗin kujera, bana zai sauke farali in Allah ya yarda. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya ɗan hau, ƙafafunsa kuma sun saba da zaman shago, don haka ya fara tattaki tun yanzu. Ni aka ɗora wa rakiya, tunda ni aka sani a gidan da fita gudu bayan sallar Asuba. Muka yi sharaɗi: shi yana tafiya, ni in yi gaba da gudu in dawo in tarye shi.

Mun fita da duhu-duhu, sanyi na ratsa ƙashi. Almajirai sun kewaye wutar kara suna biya allo. Wani mai shayi da ke hura gawayi ya ɗaga kai ya ce, "Malam, lafiya? Me ya koro ka?" Tambayar ke nan da mai gudu ke sha a garin nan. A wurinmu babba ba ya gudu sai da dalili, ko gobara ko ɓarawo. Amma a garin nan dai ake tsayawa ranar hawan Sallar Gani ana sha'awar zagage suna sassarfa a gaban dokin Sarki Faruk Umar Faruk, rana na dukansu, ba wanda ya ce girmansu ya zube. Kawu ya ce mini, "Kai dai yi gudunka, ɗana. Ni da furfurata sai dai in bi a sannu."

Lahadi

Yau kasuwar Mai'adua ke ci, hanyar Kwangwalam ta cika da motocin dabbobi tun kafin gari ya waye. Sai muka bar kwalta muka bi burtali ta cikin gonaki. An gama girbi, karan gero ne a tsaye a bushe, ƙasa kuwa rairayi ce mai shanye ƙafa. Kukoki sun zubar da ganye tas, gawo ne kaɗai ya yi kore shar, shi da ke tuɓe ganyensa da damina ya mayar da rani. Awaki na ƙarƙashinsa suna tsintar 'ya'yan da suka faɗo.

A farkon gudu ba abin da ke cikin kai sai hayaniya: bashi, kuɗin makarantar yara, maganar da wani ya yaɓa mini jiya. Ƙirji na zafi, jiki na cewa a koma. In aka daure aka wuce wannan gaɓar, numfashi yakan daidaita da taku, hayaniyar ta fara raguwa. A nan nake ɗauko azkar ɗin safe. Tasbihi yana hawa kan numfashi ba tare da na tilasta shi ba, rabi da shaƙa, rabi da fitarwa. Alƙur'ani ya yabi masu ambaton Allah a tsaye da zaune da kishingiɗe, suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Na sha jin wannan a wurin tafsiri, amma a burtalin nan, gabas na yin ja, na fi jin nauyinsa. Mai haki ya san numfashi ba nasa ba ne, ba shi ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Ban ɗauki gudu ibada ba, kuma ba zan taɓa cewa ya maye gurbin raka'a ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne yana share mini fili a zuciya, kamar yadda manomi ke yin sharar gona kafin ruwa ya sauka.

Litinin

Hazo ya sauko sosai, daga nan ba ka hango can. Kawu na tari. Mun ɗaura ƙyalle a hanci muka zaga unguwa kawai muka dawo. Ƙurar hunturu ba abin wasa ba ce ga mai asma ko tsoho, kuma jiki amana ne.

Talata

Gari ya ɗan washe. Muka bi ta cikin gari, ta ƙofar fada, muka wuce rijiyar Kusugu. Duk ɗan Daura ya tashi da labarinta: maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi a zamanin Daurama. Yanzu an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa kallo. Garin da tarihinsa ya ginu a kan ƙishirwa da rijiya bai kamata labarin Nana Hajara ya zame masa baƙo ba, shi ya sa na ɗauko wa Kawu zancen Safa da Marwa.

Mace ce ita kaɗai da jariri a kwarin da babu shuka, guzurin ruwa ya ƙare. Ta riga ta tambayi Annabi Ibrahim ko Allah ne ya umarce shi ya bar su a nan, da ya amsa mata, ta sakankance ba za su tozarta ba. Duk da wannan yaƙinin ba ta zauna ba. Ta hau Safa ta duba, ta sauko, da ta iso cikin kwari inda ba ta hango ɗanta sai ta ruga, ta hau Marwa, ta sake dawowa, har sau bakwai. Ruwan kuma bai fito a kan Safa ko Marwa ba, a wurin da jaririn yake Zamzam ta ɓuɓɓugo. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Gudun bai haƙa rijiyar ba, amma Allah ya karɓe shi har ya mai da shi rukunin aikin Hajji, miliyoyin mutane na maimaita shi duk shekara.

Na gaya wa Kawu tsakanin duwatsun biyu wajen mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, kuma akwai wurin da aka sa korayen fitilu inda maza ke sassarfa. Ya tsaya cak ya dube ni. "Wato dai sai na yi gudun nan?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Kawu, har da furfurarku." Daga Kusugu zuwa bakin titi ya ɗan gwada, yana riƙe da hularsa.

Laraba

Wani abokin Kawu, malami ne mai karantarwa a zaure, ya tare ni da yamma. Ya ce lokacin da ake so mutum ya zauna a masallaci yana zikiri har hantsi ya fito, shi nake ɓatawa a guje-guje irin na yara. Maganarsa tana da tushe, falalar wannan zaman sananniya ce. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, gaskiyarku ce, kuma ranar da na samu iko ina zama." Sai na tuna masa abin da ya fi ni sani: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake ya tsere mata, Abu Dawuda ya kawo shi. A Umrar shekara ta 7 bayan Hijira kuwa, da Ƙuraishawa suka ce zazzaɓin Madina ya karya Musulmi, aka umarci sahabbai su yi sassarfa a zagaye uku na farko na ɗawafi, sunnar ta zauna har yau.

Malam ya yi murmushi ya ce, "To, ka dai kula da niyya, kuma wandonka ya rufe gwiwa." A kan niyyar nan ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Yanzu waya na ƙirga wa mutum takunsa da nisansa, yana gamawa sai ya ɗora a Facebook a yaba. Riya ba ta tsaya a kan sallah da sadaka ba. Sa'ad da Mo Farah ya ci tseren mita 10,000 a Landan a 2012, ya faɗi ya yi sujada a gaban duniya. Ni a ganina sujadar da ta fi wuya ita ce ta mutumin da ya gama gudunsa a bayan gari, ba kowa sai shi da garken awaki, ya ce alhamdu lillahi ya koma gida bai gaya wa kowa ba.

Alhamis

Gwiwa na ciwo, na huta. A Japan akwai sufayen addinin Buda a dutsen Hiei da ke zagaya dutsen kwana 1,000 cikin shekara bakwai, suna neman tsarkin rai ta hanyar wahalar da jiki. Juriyarsu abin jinjinawa ce, sai dai mu ba a ɗora mana haka ba. An gaya mana jikinmu yana da haƙƙi a kanmu.

Juma'a

An tayar da sallah, ga mutane nan daga kowace kusurwa suna ta sheƙa gudu, babbar riga na tashi, darduma a hamata, kowa na son ya riski raka'a. Wannan kuwa shi ne gudun da aka hana. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya ce a zo wa sallah da tafiya cikin natsuwa, abin da aka samu a sallata, abin da ya wuce a cika. Abin ya dame ni. Gudun da aka halatta muna jin kunyarsa, wanda aka hana kuma ba ma ganin aibinsa. Wanda ya shiga sahu yana haki, Fatiha za ta ƙare bai san an fara ba. Ni dai na lura ranar da na yi gudun safe na fi saurin fita masallaci, na fi kuma iya tsayuwa wuri ɗaya a bayan liman, gaɓoɓi sun sauke abin da ke sa su motsi.

Asabar

Inna, matar Kawu, tare za su tafi. Ta ce mini, "Kai da kawunka kuna ta shiri, ni wa ya tuna da ni?" Ba ni da amsa. Ita ma ɗawafi da sa'ayi da tafiyar jifa a Mina suna jiranta, da ƙafafun da shekara da shekaru iyakarsu tsakar gida. A Hajjin 2024 mahajjata fiye da 1,300 ne suka rasu, yawancinsu saboda zafi da doguwar tafiya a rana. Ajali na Allah ne, amma Nana Hajara ba ta zauna ba.

Gudun mace muke kwaikwayo a Makka, ga shi matanmu ba su da inda za su miƙe ƙafa cikin sutura da mutunci. Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure duk akwai makarantu masu katanga da fili, ba kowa a cikinsu daga Asuba zuwa ƙarfe bakwai. Ina roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantun nan su zauna su ware ko da fili ɗaya a kowane gari, a sa mace mai tsaron ƙofa, a buɗe wa iyayenmu mata da 'yan'uwanmu kafin jirgin farko na maniyyatan bana ya tashi.